Ruwan da ke Ƙarƙashin Ƙafar Baba

Shekara arba'in da ɗaya Baba ya yi yana aikin kanikanci, kuma duk layin gareji ba mai kiransa da sunan yanka, Kunne ake ce masa. Mota za ta shigo tana tari, mai ita na ta zuba bayani, shi ko kallonsa ba zai yi ba. Sai ya karkata kai, ya saurara, ya nuna wuri ɗaya da yatsa. In aka kwance wurin, nan cutar take. Abin da bai taɓa yi ba shi ne bayani. Duk wanda ya tambaye shi dalili, harara ce rabonsa. Mutum ne mai rowar magana, sai ka ce saye yake yi.

Ranar da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da shi a bakin ramin gareji, ya tafi da hannunsa na dama da ƙafarsa ta dama, ya kuma kwashe maganar da ya yi shekaru yana tattali. Kalma ɗaya tak ya bar masa: "To." In yunwa yake ji, to. In ransa ya ɓaci, to. In aka ce, "Baba, a kashe fitila?" ya buɗe baki don ya ce a'a, to ɗin ce za ta fito, sai a kashe a ja masa ƙofa. Ya gwada rubutu da hagu, haruffan suka ƙi zama. Kansa kuwa garau yake, komai yana ji, komai yana ganewa, kuma wannan ya fi ciwon ci masa rai.

Ɗakinsa na can ƙuryar gida. Taga ɗaya gare shi, tana kallon katangar maƙwabta, tsakaninsu bai kai taku biyu ba. Daga kan gado layin bulo goma sha ɗaya ake gani, a na bakwai akwai tsaga, wani lokacin ƙadangare ya leƙo daga cikinta. Wata biyu na farko da ya yi a kwance, katangar nan ce duk duniyarsa, ya tsane ta kamar yadda ake tsanar mutum.

Abin da ya fitar da shi daga ɗakin shi ne tsohuwar a-kori-kurarsa. Auta, 'yarsa ta ƙarshe, ita ta gaje ta, tana ɗauko ƙwai daga wata gonar kaji a bayan gari tana rarraba wa shaguna. Mahaifiyarsu ta daɗe da rasuwa, gida ba kowa da rana. Saboda haka kullum da safe Yaya, babban ɗansa, ya kan yi masa wanka, ya ɗauke shi cak ya zaunar a kujerar gaba, ya ɗaure masa bel, sannan ya wuce ofis. Awa biyar Baba ke yi a kujerar nan. Yana ganin titi, yana jin injin da ya san muryarsa fiye da ta 'ya'yansa, masu shaguna na leƙowa suna cewa, "Kunne, ya jiki?" Ba wani abin a zo a gani ba ne, amma shi ke nan abin da ya rage masa.

Da sanyi ya shigo da ruwan sama, Auta ta fara kunna hita saboda shi, don likita ya ja musu kunne cewa ƙirjinsa ba zai ɗauki sanyi ba. A satin nan Baba ya ji wani wari na tsatsa mai ɗumi, ya ga gilashin gaba na yin danshi daga ciki. Nan take ya gane. A bayan dashbod akwai wani ɗan ƙaramin lagireto, bai fi tafin hannu biyu ba, ruwan zafi na injin ke ratsa shi ta tiyo biyu, fanka ta hura ɗumin zuwa cikin mota. Shi ne ya huje. Kwana uku bayan haka ɗigon farko ya sauka a kan ƙafarsa ta dama, wadda ba ya iya janyewa.

Gaskiya dai, laifinsa ne. Duk tsawon rayuwarsa ruwan famfo yake zuba wa mota, koren ruwan nan na galan da ake sayarwa don lagireto kuwa cewa yake dabarar masu shago ce. Ruwan famfon ya ci ƙarfe a hankali har ya fasa shi. Kuma da koren ne ke ɗiga, ko makaho ya san daga mota yake. Amma ruwan Baba ya sha tsatsa, ya fito rawaya-rawaya, da ɗumi, ya taru a kan tabarmar roba a tsakanin ƙafafunsa.

A shago na uku Auta ta buɗe ƙofarsa don ta miƙa masa shayi, idonta ya sauka ƙasa. Ya ga yadda fuskarta ta canja. Ya yi sauri ya nuna ƙarƙashin dashbod da hagu, amma daga inda take tsaye, yatsan ƙafafunsa yake nunawa.

"Ba komai, Baba," ta ce tana kauda kai. "Wallahi ba komai. Lalura ce."

Ya girgiza kai da ƙarfi.

"Kar ka sa a ranka. Ba wanda ya gani."

"To!" ya faɗa, jijiyar wuyansa ta miƙe.

"Yauwa, Babana."

Ta zare tabarmar, ta wanke a famfon bayan shago, ta mayar. Kunya ta hana ta duba wandonsa da kyau, da ta ga daga ƙwauri zuwa ƙasa ne kawai ya jiƙe. Washegari ma haka, jibi ma haka. Ya yi ta dukan murfin aljihun gaban mota, don akwai abin da ya ajiye a ciki shekaru da yawa, sai ta ɗauka takardar goge hannu yake nema, ta miƙo masa daga jakarta. Ruwan da take ƙara wa lagireto da safe kuwa ya tashi daga kofi ɗaya ya koma rabin galan, ba ta kawo komai a ranta ba. Shi ya koya mata ta riƙa ƙarawa kullum, bai taɓa gaya mata don me ba.

A sati na biyu Yaya ya shigo ɗakin da fakitin ƙunzugun manya a baƙar leda, yana magana yana kallon bango.

"Baba, haƙuri za ka yi. Ni ma ba daɗi nake ji ba."

Baba ya ture ledar ta faɗi ƙasa. Ya tattara duk abin da ke cikin ƙirjinsa, ya nemi kalmar hita, yana ganinta a kansa ƙarara, ya turo ta har bakin harshe.

"To," ya ce.

"Allah Ya ƙara lafiya," in ji Yaya, ya ɗauki ledar.

Da can Auta ta kan tsaya a wani gidan mai a tsakiyar hanya, wani dattijo mai gadi ya taimaka masa zuwa banɗaki. Tunda aka sa ƙunzugu, sai ta ga ba dalilin wahalar da shi, ta daina tsayawa. Kwana uku yana daurewa har cikinsa na murɗawa. A na huɗu ya kasa. Ranar ya yi kuka, ya juya fuska wajen taga don kar ta gani. Abin da ake zarginsa da shi ya zama gaskiya, yanzu ko bakinsa ya buɗe bai san ta ina zai fara ba.

Tabarma dai ba ta daina jiƙewa ba. A sati na shida ya ji su a tsakar gida, don mutane sun saba magana a kusa da shi kamar ba ya nan.

"Auta, abin ya fi ƙarfin ƙunzugu. Kuma ki tuna abinci kike ɗauka. In wani mai shago ya lura fa?"

"Yaya, motar nan ce kaɗai ke sa shi walwala."

"Na sani. Amma mutuncinsa fa? Gara ya zauna a ɗakinsa a rufe masa asiri. Na yi magana da maƙwabciya, za ta riƙa leƙa shi. Gobe ne na ƙarshe."

Baba ya kalli katanga, ya ƙirga layin bulon, suna nan goma sha ɗaya.

Washegari aka tashi da yayyafi. Sun loda tire casa'in na ƙwai, sun rufe da tamfol, suka kamo hanyar dawowa. Daga gonar akwai wani dogon hawa, titin siriri, a gefen dama an ja gajeriyar katangar siminti saboda rami. Tun a ƙasan hawan Baba ya ji ƙulu-ƙulu a bayan dashbod, alamar iska ta shiga inda ruwa ya kamata ya cika. Ya leƙa allurar zafi, tana hawa. Ya bugi cinyarsa, ya nuna.

"Mun kusa, Baba, ka ɗan daure," ta ce, idonta na kan hanya.

Ba su kai rabin hawan ba abin ya fashe. Tururi ya feso ta kowace kafar iska, gilashi ya yi fari fat, ruwan zafi ya tsiyayo a ƙafarsa. Auta ta yi salati, ta raɓa gefe da lalube har ƙarfen mota ya gogi katanga, ta kashe injin, ta yi waje da gudu don ta tsayar da motocin baya. Ƙofarta ta rufo da kanta.

Aka bar Baba a ciki. Ƙofarsa na manne da siminti, ko da yana da hannun buɗewa ba za ta buɗu ba. Abin sauke gilashi na dama, wajen mataccen hannu. Bel ya danne masa ƙirji. Ba ya ganin komai sai fari, tururin na shiga masa hanci, ya fara tari. Bai fi minti biyu ba, amma a cikinsu ya ga ba wani bambanci tsakanin nan da ɗakinsa, da kuma jikin da yake ciki. Tsoro ya kama shi sosai, irin wanda bai ji ba ko ranar da ya faɗi.

Ta dawo ta wangale ƙofa, iska mai sanyi ta shigo. Ta kira Yaya sau biyu, bai ɗauka ba. Sai ta ciro galan daga bayan kujera, ta ɗaga bonet. Ta 'yar tazarar da ke tsakanin gindin bonet da gilashi, Baba ya hango hannunta na nufar murfin lagireto, wanda in ta buɗe shi a wannan zafin, fuskarta ce za ta saɓule. Ya miƙa hagu ya danne hon, bai saki ba.

Ta zagayo a fusace. "Baba, don Allah, mene ne kuma? Ka bar ni in ji da abu ɗaya!"

Da ta sunkuyo, ya cafke wuyan hannunta. Hagun nan ta yi shekara arba'in tana riƙe ƙarfe, ba ta manta ba. Ya ja ta har ta kifa a kan kujerar direba, ya tura hannun nata ƙarƙashin dashbod, ya riƙe a wurin. Ɗigo mai zafi ya sauka a tafinta, wani ya biyo baya.

Ta fizge, ta duba. Rawaya-rawaya ne. Ta kai hanci, ta ji tsatsa. Ta kalli tabarma, ta kalli tafinta, sannan a karo na farko cikin sati shida ta kalli wandon mahaifinta sosai.

"Baba," ta ce a hankali. "Ba kai ba ne."

Ya tsura mata ido.

"Tun farko ba kai ba ne?"

Ya gyaɗa kai.

"Innalillahi. Kana ta gaya mini, ina ta ce maka ba komai." Ta toshe baki da jiƙaƙƙen hannun, hawaye suka zubo.

Shi kuwa ba shi da lokacin kuka, akwai mota a gefen hanya da ƙwai tire casa'in. Ya daki murfin aljihun gaban mota. Wannan karon ta buɗe, ta zazzage komai a cinyarsa: tsofaffin fis, fulogi ɗaya, salatif, da wani guntun bututun ƙarfe mai tsawon yatsa. Ya ɗauki bututun. Ya nuna mata can gindin injin, inda bango ya raba shi da cikin mota. Ya ɗaga yatsu biyu a ware, ya haɗe su, ya ɗora bututun a kai.

Ta share ido, ta je ta leƙa, ta dawo.

"Akwai tiyo biyu da suka shiga bangon. Su ke kai wa hita ruwa?" Ya gyaɗa kai. "In cire su in haɗa bakinsu da wannan? Ruwan ya daina shigowa nan ke nan, ya zagaya ya koma injin?"

Wata bakwai rabon da ya ji tunaninsa ya fito fili, sai ga shi ya fito ta bakin Auta. Ya gyaɗa kai har sau uku. Amma yana miƙa mata bututun yana sane da abin da yake miƙawa. In aka raba hita da ruwa, ɗumi ya ƙare a motar nan, kuma Yaya bai manta da maganar likita ba. Wata hanyar dai babu.

"Hon ɗaya na nufin e, biyu a'a," ta ce. "Mun yi?"

Ya danna sau ɗaya.

Suka jira injin ya huce, yayyafi na sauka a kanta. Daga nan ba ya ganin komai nata sai hannuwa ta wannan tazara. Ta kama tiyon da ba shi ba, ya danna biyu. Ta koma na kusa da shi, ya danna ɗaya. Ta sassauta zoben ƙarfen da ke ɗaure da bakin tiyon, ta fara ja da ƙarfi, tiyon ya ƙi. Ya danna biyu. Ta leƙo ta gefe, gashin girarta na ɗigar ruwa, sai ya nuna mata da hannu: murɗawa ake yi, ba ja ba. Ta murɗa, ya saki, bayan hannunta ya daki ƙarfe ya yi jini. Ta tsotse wurin ta ci gaba. Da a ce a garejinsa ne, da tuni ya ture ta ya yi da kansa ba tare da ya ce uffan ba, kamar yadda ya yi wa duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da shi. Yau dole ya zauna ya bi ta mataki-mataki, kuma ya ga hannun nata ba laifi.

Ta cusa bututun a bakin tiyo biyun, ta ɗaure kowane gefe tam. Ruwan galan bai isa ba, ta tara wanda ya kwanta a kan tamfol ta cika. Ta tayar da injin. Baba ya karkata kai ya saurara, ya daɗe yana saurare, sannan ya danna ɗaya.

Sanyi ya raka su har gida. Ta cire rigar sanyinta ta lulluɓa masa, duk da haka kafin su gama shaguna haƙoransa na kaɗawa, tari ya dawo. Tabarma kuwa a bushe ƙamas, ko ɗigo babu.

Da yamma Yaya ya tsaya a bakin ƙofar ɗakin, ya kasa shigowa. Can ya shigo ya durƙusa a gaban gado.

"Baba, ka yafe mana. Mun zalunce ka."

Ya ɗauki fakitin ƙunzugun ya fita da shi, ya dawo da cokali da gwangwani ya ajiye a gefen hagu, don Baba ya riƙa bugawa in yana son banɗaki. Sannan ya tsaya yana murza hannu.

"Sai dai maganar mota, Baba. Ka ji tarin da kake yi. Sai an gyara hita tukun. An ce sai an sauke dashbod gaba ɗaya, aikin kwana biyu ne, ga ƙwai ba ya jira. Amma na ɗan lokaci ne."

Na ɗan lokaci. Baba ya san wannan maganar, don shi ma ta bakinsa ta sha fita, tana cikin kaɗan ɗin da ya kan furta. Motoci nawa ya yi wa wannan haɗin, ya ce wa mai ita ya dawo a sa sabo? Sun fi ɗari. Bai tuna ko mutum ɗaya da ya dawo ba. Mota na tafiya, ruwa ba ya zuba, wa zai ajiye ta kwana biyu saboda ɗumi?

Ya koma wa katangarsa. Kullum da safe yana jin Auta ta tayar da injin, kunnensa na gaya masa haɗin na riƙe da kyau, sai ya ji daɗi, kuma ya ji haushin daɗin da ya ji. Ƙarar ta yi nisa ta ɓace, gida ya yi tsit. Maƙwabciya ta leƙo da hantsi ta ce, "Sannu, Baba, ba abin da kake so ko?" ya ce to, ta tafi. Kwana biyar, kwana takwas, kwana goma sha biyu. Auta na dawowa a gajiye, ta gaishe shi, ta ba shi abinci, ba ta ta da maganar ba. Ya daina sa rai, ya fara cin rabin abin da ake kawo masa.

A rana ta goma sha uku injin bai tashi da safe ba. Yana cikin tunanin ko batir ne, sai ga Yaya ya shigo da keken guragu, ya naɗe shi da bargo biyu, ya turo shi tsakar gida inda rana ke bugawa. A-kori-kura na tsaye, ƙofofinta a buɗe, an cire kujerar gaba an jingine ta da bango. Auta na sanye da tsohuwar rigar aikinsa, ta naɗe hannuwan sau uku. Ta shimfiɗa buhu ta jera sifanu da sukudireba, a gefe ga galan na koren ruwa.

Ta ɗora masa kwali a cinya. Ya buɗe da hagu. Ɗan ƙaramin lagireto ne, sabo, yana ƙyalli.

"Sai da na zagaya gari kafin in samu irinsa," ta ce. "Na sami wanda zai kai mini ƙwai yau da gobe. Kuma ka ga koren can? Shi za mu zuba, ko ka harare ni."

Ta gyara keken har gwiwarsa ta taɓa bakin ƙofar mota, yadda zai ga komai.

"Na ƙirga noti ashirin da uku da ido ke gani, na san akwai na ɓoye. Ba zan taɓa ko ɗaya ba sai ka nuna. Da wanne zan fara?"

Baba ya daɗe yana kallon dashbod ɗin. Sannan ya ɗaga yatsa, ya wuce duk waɗanda ta ƙirga, ya nuna can ƙarƙashin aljihun, inda wani ɗan ƙarami ke maƙale, notin da duk wanda bai san da shi ba sai ya fasa robar dashbod. Ta durƙusa ta leƙa, ta ɗora yatsa a kai.

"Wannan?"

"To," in ji Baba.

Auta ba ta motsa ba. Ta ci gaba da kallon fuskarsa har sai da ya gyaɗa kai, sannan ta ɗauki sukudireba.